Gilashi mai leda a tsakiya: ya cancanci kuɗinsa a wannan zafin namu na Sakkwato?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar gida, shawara nake nema wurin masana. Ginin da nake yi can Arkilla ya kai wurin tagogi da ƙofofi, bene ne hawa ɗaya, ƙasa shaguna biyu sama gidan zama, kuma akwai baranda da nake so a tare ta da gilashi maimakon ƙarfe. Mai aluminiyam ya kawo min lissafi kala uku, na farko gilashi na yau da kullum 5mm, na biyu tamfad wato wanda aka gasa don ya yi ƙarfi, na uku laminetad wanda ya ce leda ce a tsakiyarsa. Kuɗin na ukun nan ya yi sama sosai wallahi. To mene ne ainihin amfaninsa, kuma leda a cikin gilashi da zafin Afrilu irin namu ba za ta narke ba? Yarana ƙanana ne shi ya sa ba na so in yi gaggawa.

Abu Mai Aluminiyam:
Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah shi sa a gama lahiya. Wanga aikina na, bari in hwaɗa maka abin da hannuna ya sani. Laminetad ba baƙon abu ba na, gilashin gaban motarka shi na. Gilashi biyu aka haɗawa a manne su da wata roba mai haske, in ka duba bakinai da kyau za ka ga layi ukku, gilashi, roba, gilashi. In dutsi ya same shi shina tsagewa hwa, kar wani shi ruɗe ka shi ce maka bai hwashewa. Bambancin shi na in ya tsage bai zubowa, dut gutsattsarin suna nan manne ga robar, sai ka ga tsagar ta bazu kamar saƙar gizo-gizo amma tagar tana nan tsaye inda anka sa ta. Na yau da kullum kuwa in ya hwashe manyan gutsattsari masu tsini shika saki, su na masu yanke ma yaro jijiya. Tamfad ya hi su ɗaukar duka, amma ran da yab bari gaba ɗaya shika rugujewa shi zube ƙasa ƙanana-ƙanana, ka wayi gari da rami buɗe.

Kawu Na Gawon Nama:
Ɗana ni dai ban ga dalili ba. Gidajen da munka tashi ciki lubas ag ga su da tagar katako, kuma ga mu nan da ranmu. Kuɗɗin ga da za ka ƙara ka sai sola da su ko ka ƙara tankin ruwa, shi ya hi amfani ga iyali. Baranda kuma ka sa ƙarhe ka huta, ƙarhe bai san yaro ba bai san iska ba.

Maman Sadik:
Kawu ranka shi daɗe, ina girmama maganarka amma gidajen da da na yanzu ba ɗaya ba ne. Lubas ɗin da, faɗinsa bai fi tafin hannu ba kuma yana can sama inda yaro ba ya kaiwa. Yanzu ƙofar falo gaba ɗaya gilashi ce daga ƙasa har sama, an goge ta tas yaro ya taho da gudu bai ma san akwai abu a gabansa ba. Ni aikin jinya nake yi, na sha karɓar yaran da gilashi ya yanka. Akwai wata yarinya da aka kawo mana da daddare, tura ƙofa kawai ta yi da hannu lokacin da 'yar uwarta ta rufe daga ciki, hannun ya shige ciki, kuma mafi munin yankan ba wurin shiga ya same ta ba, wurin da ta fizgo hannun baya ne saboda tsoro. Tsintsiyar hannu ce, jijiyoyin yatsu biyu suka tafi, mahaifiyarta ta naɗe wurin da gyalenta har ya jiƙe sharkaf kafin su iso. An ɗinke, ta rayu alhamdulillahi, amma yatsun nan ba su koma yadda suke ba. Da gilashin ya tsaya a manne ai hannun ma ba zai sami hanyar shiga ba.

Kawu Na Gawon Nama:
Subhanallahi. Allah shi ba ta lahiya. Tau ga ƙohwa na yarda, amma dut tagogin gida?

Injiniya Nasiru:
A'a Kawu, ba duka ba, kuma nan ne nake ganin mutane suke asarar kuɗi ta ɓangare biyu, wani ya ƙi sa shi ko'ina wani kuma ya ce sai an sa masa har tagar banɗaki. Bari in fara da tambayar Baban Ummi ta narkewa. Robar nan sunanta PVB, kaurinta na asali 0.38mm ne, ana kuma ninka ta a samu 0.76 ko 1.52. Shi ya sa za ka ji masu sayarwa suna cewa 6.38, ma'ana gilashi 3mm biyu da roba 0.38 a tsakaninsu, ko 8.38 wato 4 da 4, ko 10.76 wato 5 da 5 da roba ninki biyu. A masana'anta bayan an matse iskar da ke tsakani, ana shigar da su wata babbar tukunyar matsi a dafa su a zafin da ya kai wajen digiri 140, a nan robar take kama gilashin ta zama garau. Zafin Sakkwato yana wuce 40 a Maris da Afrilu da Mayu, gilashin da rana ke duka kai tsaye ya fi haka zafi, amma bai kusanci 140 ba. Ka duba motocin da ke yini a rana a tasha shekara da shekaru, gilashin gabansu bai tsiyaye ba.

Amma akwai wata gaskiya da ta shafe mu mu mutanen zafi wadda masu talla ba sa faɗa. Ba ta narkewa amma tana laushi. In gari ya yi zafi sosai PVB ba ta da taurin da take da shi lokacin hunturu, gilashin da ke cikin firem ta gefe huɗu wannan bai dame shi ba, amma wanda ke tsaye shi kaɗai an kama shi ta ƙasa kawai, irin na baranda, in duka ɓarin biyu suka fashe zai iya lanƙwashewa ya kwanta. Don haka maganar barandarka daban ce da maganar taga.

Baban Ummi:
Injiniya na gode, ai barandar ce ta fi damuna. Mai aikin cewa ya yi tamfad 10mm guda ɗaya ya isa, wai shi ake sawa a otal-otal.

Injiniya Nasiru:
Ana sawa, amma ni ba zan sa hannu a kai ba a gidan da ke da yara kuma ƙasa shago ne mutane na wucewa. Tamfad ana gasa shi ne sama da digiri 600 sannan a huce shi da iska da gaggawa, wannan ke ba shi ƙarfi ninki huɗu zuwa biyar na gilashin yau da kullum. Rauninsa yana bakinsa, ɗan ƙarfe ya taɓa kusurwa shi ke nan. Har ma akan samu wanda ke fashewa da kansa ba wanda ya taɓa shi, saboda wani ɗan ƙwayar datti na nikel da ke maƙalewa ciki tun masana'anta, ba kasafai ba ne amma yana faruwa. To ka ɗauka yaro ya jingina a jikinsa lokacin, babu abin da ya rage tsakaninsa da ƙasa, ga kuma ruwan gutsattsari a kan duk wanda ke ƙofar shago. Abin da ya dace da baranda shi ne a haɗa biyun, tamfad biyu a manne su da roba mai kauri, in ɗaya ya tafi ɗayan ya riƙe. In ana samun roba mai tauri irin wadda ake kira SGP ta fi dacewa da zafinmu, sai dai tsada. Kuma ko da wanne ka sa, a yi masa marikin ƙarfe ta sama wanda ya shiga bango ko ginshiƙi da kansa, kar gilashin ya zama shi kaɗai ne mai tsaro. Kaurin kuma kar a yi shi da ka, a auna tsayi da faɗi da yadda za a kama shi tukuna. In kuɗi bai kai nan ba, wallahi shawarar Kawu ta ƙarfe ta fi tamfad guda ɗaya, a dai matse sandunan yadda kan yaro ba zai shiga ba.

Direban Illela:
Ni ba ruwana da gini amma maganar gilashin gaba ta taɓa ni. Hanyar Illela nika bi, wata rana ina bayan wata tifa ta yi lodin tsakuwa ba ta ruhe ba, dutsi ɗaya yat taso daidai huskata, ƙarar da niji kamar an harba abu. Hwasinja na gaba har ya duƙe. Da nid duba sai ga tabo hwari da tsaga ta yi ƙahwahu ta ko'ina, na sa yatsa ta ciki na shahwa, sumul, ɓarin ciki ko ƙwarzane babu, na waje ɗai yat tsage. Haka nan nik kai mutane har gida. Da irin gilashin gehe na da yanzu wani zance aka yi, don shi in ya hwashe gari shika zama lokaci guda kuma kana bisa gudu.

Abu Mai Aluminiyam:
Hakanan na direba. Kuma tunda ka kawo zancen, in za ka canza shi ka duba tambarin da ke kusurwa, na kirki za ka ga an rubuta Laminated ko AS1, na Turai kuma akwai E cikin da'ira da 43R kusa da shi. Na gehe galibi Tempered aka rubutawa. Kuma don Allah direbobi ku bar watsa ruwan sanyi bisa gilashin da ya yini rana in akwai tsaga, ko ku kunna esi ku kai shi ƙarshe ku huskanto da shi ga gilashi, nan take tsagar taka tahiya. Ɗan tabo ƙarami in ka ruhe shi da salatif mai haske ƙura ba ta shiga ba, masu gyara suna iya cika shi da wani ruwan gam shi tsaya.

Hajiya Mai Atamfa:
Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata ta kasuwa ce. Shagona yana kallon yamma, duk atamfa da leshin da na jera a gaban gilashi in suka kwana biyu sai ka ga gefen da rana ke bugu ya koɗe, ninkin ciki kalarsa daban na waje daban, ƙarshe sai dai in karyar da su ko in ba yara. An ce min wannan mai ledar yana hana koɗewa. Gaskiya ne ko talla ce?

Injiniya Nasiru:
Hajiya rabi gaskiya ne. A cikin hasken rana akwai wanda ido ba ya gani da ake kira UV, shi ne babban mai cin kalar yadi, kuma robar nan tana tare kusan kashi 99 cikin 100 nasa, wannan tabbas ne. Amma hasken da muke gani da zafin kansa su ma suna koɗar da kaya, su kuma suna wucewa abinsu. Don haka zai rage miki asara sosai ba zai kawar da ita ba. Ki haɗa da rumfa a gaban shagon wadda za ta tare ranar la'asar, ki kuma riƙa juya kayan da ke gaba.

Sani Mabera:
To ni abin da nake so in sani zafi. In na sa shi ɗaki zai yi sanyi? don wallahi ɗakina na yamma ba ya shiguwa daga azahar sai bayan isha'i, ga wuta ba tsayawa take ba

Injiniya Nasiru:
Malam Sani a'a. Laminetad fari ba ya hana zafi shiga, bambancinsa da na yau da kullum a nan ɗan kaɗan ne ƙwarai, duk wanda ya sayar maka da shi da sunan sanyi ya cuce ka. Mai rage zafi shi ne wanda aka yi wa shafe na musamman, irin mai ɗaukar ido ko wanda ake kira Low-E, kuma ana iya yin laminetad da irin wannan gilashin a ɓarin waje in ka yi oda. Amma gaskiya mafi arha kuma mafi aiki shi ne kar ranar ta taɓa gilashin tun farko, rumfa, fitar rufi, ko dogon yaro a gefen yamma. Wani abu kuma, gilashi mai duhu sosai yana shan zafi, in rabinsa na rana rabinsa na inuwa yakan tsage da kansa daga baki, musamman in an yanke bakin da kaushi.

Malama Hadiza:
Ina karantawa ina ƙaruwa. Ni kimiyya nake koyarwa a sakandare kuma labarin wannan gilashin yana cikin waɗanda nake ba ɗalibai. Wani masanin sinadarai ne ɗan Faransa, Edouard Benedictus, a 1903 wata kwalbar gwaji ta faɗo masa ta tsage amma ba ta tarwatse ba, da ya duba sai ya ga ashe wani sinadari da ya bushe a cikinta ne ya riƙe ta. A 1909 ya yi rajistar fasahar. Lokacin yaƙin duniya na ɗaya an yi amfani da ita a idon takunkumin da sojoji ke sawa don kare hayaƙi mai guba. Matsalar robar farko ita ce tana yin rawaya da tsufa, sai a 1927 wasu masana biyu a Kanada suka samar da PVB ɗin da Injiniya ya ambata, daga nan masu ƙera motoci suka rungume ta. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne fashewar tashar jiragen ruwa ta Bairut ranar 4 ga Agusta 2020, mutum sama da 200 suka rasu dubbai suka ji rauni, kuma da yawan masu raunin suna cikin gidajensu ne nesa da tashar, gilashin tagoginsu ne ya taso ya same su, wasu ma tsayawa suka yi a taga suna kallon hayaƙi. Mu nan Allah ya tsare mu da irin wannan, amma iskar farkon damina da ke yaye kwanon rufi ta yi jifa da shi kowa ya san ta.

Ɗan Kasuwar Waya:
Jama'a ku bar kewaye-kewaye, a halin da ake ciki na tsaro tambaya ɗaya ce, yana tare harsashi ko ba ya tarewa?? Kuma ɓarawo fa? shagon waya gare ni

Abu Mai Aluminiyam:
Bai tare harsashi ɗan'uwa, kar ka sa ranka. Wanda ka gani banki shi ma mannawa anka yi amma hawa-hawa na da yawa, wani har da wata roba mai tauri ta ciki, kaurinai ya wuce yatsa biyu, nauyinai kuma sai hirem na musamman. 6.38 bai cikin wanga layi ko kaɗan. Ɓarawo kuwa abin da shika yi mai shi na ɓata lokaci. Na yau da kullum bugu ɗaya ya shiga, tamfad in ya san inda za shi taɓa shi ma bugu ɗaya na. Laminetad sai ya yi ta duka shina yaga roba, ga ƙara, ga maƙwabta na ji. In robar 0.38 ta ba ta daɗewa, ga shagon waya ka nemi 1.52, kuma a kama shi cikin hirem da zurhi don in ba haka ba ba sai ya hwasa ba, turo shi za shi yi gaba ɗaya shi hito daga hirem. Kuma dai kar ka cire ƙohwar ƙarhe ta dare.

Maman Sadik:
A nan nake so in ja hankali, abin da ke hana ɓarawo shiga shi ne ke hana kai fita. Gidajenmu kowace taga an yi mata bogila an like da walda, in an ƙara gilashin da ba ya buɗewa da duka, ranar gobara fa? Ba mu manta gobarar babbar kasuwa ta Janairun 2021 ba, kowa ya ga yadda wuta ke gudu lokacin hunturu. Don Allah duk mai gini ya bar taga ko da ɗaya a kowane ɗakin kwana wadda bogilarta ke buɗewa ta ciki, makullin kuma a rataye kusa inda babban yaro zai kai.

Direban Illela:
Gaskiya ta, Maman Sadik. Ko motoci na zamani wasu gilashin gehensu ma laminetad na, ɗan gudumar nan da aka saidawa ta hwasa gilashi in an yi hatsari ba ta cin shi. Kowa shi duba tambarin motarshi shi san wace taga ta ka hwashewa tun kahin ranar buƙata.

Sani Mabera:
Ƙara fa? gidana bakin titi ne, kabu-kabu da keke napep dare da rana ga janareton maƙwabci

Injiniya Nasiru:
Nan kam yana taimakawa, robar tana shanye girgizar sauti, ko ka ƙwanƙwasa shi da kwabo za ka ji ƙararsa a dushe ba ta yi kaifin ta na yau da kullum ba, da haka ma ake gane shi in an riga an sa a firem. Amma ƙara ta kafa take bi. Tagar sulaidin da muka saba da ita tana da rata tsakanin ganyayenta, inda ƙurar hunturu ta shiga to ƙara ma ta nan take shiga. In kana son ka ji bambanci sai kesmen, wato taga mai buɗewa kamar ƙofa, mai roba a baki wadda ke matsewa in an rufe. Ƙugin janareto mai kauri kuma gaskiya yana da wuyar tarewa, za ka ji sauƙi ne kawai.

Kawu Na Gawon Nama:
Tau ni akwai abin da nig gani da idona. Wani gida kusa da mu an sa wanga gilashi, ba a daɗe ba bakinai ya yi hwari-hwari kamar ruwa ya shiga, da kumhwa-kumhwa. Mi ya kawo haka in abin kirki na?

Abu Mai Aluminiyam:
Kawu ka taɓo inda ciwon yake, kuma mahi yawa laihinmu na masu aiki. Abu ukku ka kawo shi. Na hwarko ruwa, in bakin gilashin ya zauna cikin ruwa robar tana sha ta saki, shi ya sa aka ɗora shi bisa 'yan robobi ƙanana cikin hirem kuma a huda ramin da ruwa za shi hita, da yawa ba su hudawa. Na biyu silikon, wanga mai arha da in ka buɗe warin tsami shika buge maka hanci bai shiri da robar, akwai wanda bai da wanga wari an rubuta Neutral jikinai, shi aka so. Na ukku yanka. Laminetad ba a yanka shi kamar na yau da kullum, sai ka ja dayamon, wato abin yankan gilashi, sama, ka juya ka ja ƙasa daidai kan layi guda, ka ɓalle su, sannan ka ɗumama robar ta yi taushi ka sa reza. Yaranmu don sauri sai su zuba sifirit cikin tsagar su ƙyasta ashana, wuta ta bi layin, robar ta ƙone ta ja ciki, ranar ba ka ganin komi sai bayan damina. Akwai kuma na banza tun daga masana'anta, wanga in ka ɗaga shi ga haske za ka ga kumhwa ko hazo tun shina sabo, kar ka karɓa.

Kuma Alhaji Baban Ummi ka tambayi mai aikinka nauyi. Gilashi kowane 1mm kilo biyu da rabi na ga sukwaya mita, ke nan 6.38 ya kai kilo 15, 10.76 ya wuce kilo 25. Hirem ɗin da anka yi don 4mm ko 5mm bakinai ma bai ɗaukar shi, tayoyin sulaidin masu arha kuma murƙushewa suka yi. Galibi daga Kano ko Legas aka kawo muna shi, a tabbatar tsaye anka ɗauko shi ba kwance ba, kuma na baranda tunda tamfad na ciki ba a yanka shi ba a huda shi bayan an gasa, awo in ya kuskure asara ta.

Baban Ummi:
Allah ya saka da alheri, kai na ƙaru. Ga abin da na tsayar, ƙofar falo da gaban shaguna biyu da tagar matakala wadda ta sauko ƙasa duk laminetad. Tagogin ɗakuna da ke sama da ƙugu in bar su na yau da kullum. Baranda kuma zan nemi a yi min lissafin tamfad biyu manne da marikin ƙarfe, in ya fi ƙarfina in bi Kawu. Maganar taga mai buɗewa ta Maman Sadik gobe zan gaya wa mai walda.

Malama Hadiza:
Kafin a watse, mu da muka riga muka gina fa? Makarantarmu akwai ƙofofin gilashi a ɗakin karatu, yara na turereniya a wurin kullum, kuma na san ba za a ba da kuɗin canza su duka yanzu ba. Ledar tintak da ake manna wa motoci za ta yi?

Injiniya Nasiru:
Malama tintak na mota siriri ne, don duhu aka yi shi. Akwai leda ta daban mai kauri wadda aka yi don tsaro, fara ce garau, ana manna ta ta ciki, in gilashin ya fashe tana riƙe gutsattsarin. Ba ta kai laminetad ba kuma tana ƙarcewa da tsufa, amma ta fi babu nesa ba kusa ba. A sa ta har bakin firem, in da hali a bi gefen da silikon ya kama ledar da firem ɗin tare, in ba haka ba gilashin zai iya faɗowa dunƙule guda. Ku fara da ƙofofi da duk gilashin da bai kai tsayin ƙirjin yaro ba, ku kuma manna wata alama mai kala daidai idonsu don su san akwai gilashi a wurin. Duk wanda ya fashe nan gaba sai a maye shi da 6.38.

Abu Mai Aluminiyam:
Kuma Malama a gaya ma masu shara, lokacin hunturu kar su goge da busasshen tsumma, ƙurar nan yashi ta, tana ƙarce ledar. A watsa ruwa tukuna ƙurar ta sauka sannan a bi da tsumma mai taushi, in an manna sabuwa kuma a ba ta kamar wata guda ta bushe kahin a taɓa ta da ruwa.